Daga Tiga Zuwa Nguru: Ina Aka Bar wa Ruwa Ya Kwana?

Duk shekara idan watan Agusta ya raba, labari ɗaya ne ke fitowa daga Ringim da Auyo da Haɗeja da Guri: ruwa ya ci gonaki, ya kayar da gidajen ƙasa, an kwashe mutane zuwa azuzuwan firamare. Bayanin da ke bakin jama'a ma kusan ɗaya ne, wai an saki dam. A birnin Kano kuwa, ruwan sa'a biyu ya isa ya tsayar da motoci a manyan tituna, sai a ce leda ce ta toshe kwata. Kowace magana a cikin biyun nan tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta kai ga tushe ba. Tushen yana cikin darasin labarin ƙasa da ake koya wa 'yan ƙaramar sakandare, wanda da yawa suka haddace don jarrabawa suka wuce, ba tare da an nuna musu cewa kogin da ke bayan garinsu ake nufi ba.

Darasin ya ce kogi ba layin ruwa ba ne kawai a kan taswira. Kowane kogi yana da faɗin ƙasar da yake kwashe wa ruwa, duk ɗigon da ya sauka a cikinta, in bai nutse ba kuma rana ba ta shanye shi ba, can zai ƙare. Na kogin Haɗeja ya faro ne daga duwatsun da ke kudancin jihar Kano, a gefen tsaunukan Jos. Daga nan kogin Kano ke gangarowa, kogin Challawa kuma ya taho daga yamma, su haɗu a kudu da birnin Kano, wajen Tamburawa. Daga mahaɗar nan ne sunan ya koma kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil ya shiga Jigawa. Can gaba, kusa da Gashuwa, yana haɗuwa da kogin Jama'are wanda ya ratso jihar Bauchi, su zama kogin Yobe, wanda ke raba Najeriya da Nijar a yankin Diffa kafin ya kai Tafkin Chadi. Ashe ke nan manomin Doguwa da magini a Kumbotso da masunci a Nguru duk ruwa ɗaya ya ɗaure su, ko sun san juna ko ba su sani ba.

Abin da ya fi muhimmanci a tafiyar nan shi ne canjin da ƙasa ke yi a tsakiya. Daga mafari har zuwa kusan Wudil, dutse ne a ƙarƙashi, ƙasar tana da gangara, ruwa yana gudu da ƙarfi, yana zaizayar gaɓa yana ɗebo yashi da laka. Da an wuce nan sai a shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar rairayi ta kwarin Chadi, inda gangarar ba ta taka kara ta karya ba. Ruwa ya rage gudu, kuma ruwan da ya rage gudu ba ya iya riƙe kayan da ya ɗauko, dole ya sauke. Yashin da ya sauke shi ke cike masa hanya, shi ya sa kogin ke rarrabuwa a yankin Haɗeja: ga reshen Kafin Hausa, ga tsohuwar hanyar Haɗeja, ga Burum Gana, ga Marma da ke zuba a tafkin Nguru. Tsakanin rassan nan akwai tsofaffin tuddan yashi, ruwa ya bi ta kwaruruwan da ke tsakaninsu ya bazu. Wannan bazuwar ita ce fadamar Haɗeja da Nguru.

A nan ya kamata a tsaya a gyara wata fahimta. A wajen mutanen fadama, cikowar kogi ba masifa ba ce tun asali, ita ce arzikin shekara. Ruwa ya hau a Agusta, a noma shinkafa a cikinsa. Ya fara ja da baya, a bi damshin da wake da sauran amfanin da ba ya bukatar ban ruwa. Kifi ya hayayyafa a cikin ciyawar da ruwa ya rufe, masunta su samu na shekara. Da rani Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa a lokacin da ko'ina ya bushe. Ruwan da ya kwanta na watanni kuma yana nutsewa cikin rairayi, shi ne ke ciyar da rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogin ma. Har tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai suna sauka a Dagona da ke jihar Yobe saboda shi. A shekarun 1960 zuwa farkon 1970, faɗin da ruwa ke rufewa a shekara mai kyau ya kan haura murabba'in kilomita 2,000. Mutane sun san iyakarsa, sun kafa garuruwansu a kan tudu, sun bar masa kwari.

Sai aka gina madatsun ruwa. Dam ɗin Tiga a kan kogin Kano an kammala shi a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, da nufin ya riƙe kusan kubik mita biliyan biyu. Na Challawa da ke Ƙaraye ya biyo baya a 1992, shi kuma yana ɗaukar kimanin rabin haka. Ba wanda zai yi adalci ya ce aikin banza ne. Fari na farkon shekarun 1970 ya gigita Arewa, Kano tana girma tana neman ruwan sha, kuma noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, wanda tumatirinsa da shinkafarsa ke cika kasuwanni har kudu, da ruwan Tiga ya tsaya da ƙafarsa. Ruwan famfon da ake tacewa a Tamburawa ma daga nan yake. Amma dam yana canza wa kogi ɗabi'a ta hanya biyu, kuma duka biyun a kan mutanen da ke ƙasan dam suke sauka.

Ta farko, yana rage cikowar damina. A shekarun da suka biyo bayan Tiga, haɗe da ƙarancin ruwan sama na shekarun 1980, faɗin fadamar da ruwa ke rufewa ya ragu da fiye da rabi. Wuraren da ruwa ya daina zuwa shekara da shekaru sai aka ɗauka sun zama tudu. Aka share aka yi gona, aka yanka fuloti, gari ya miƙe ya shiga. Yaron da aka haifa a lokacin ya girma bai taɓa ganin ruwa a wurin ba. Amma wurin bai daina zama kwari ba, shekarar ruwa mai yawa kawai yake jira.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa, ta kuma fi ɓarna. Kafin dam, kogin Haɗeja ƙafewa yake yi da rani, a taka yashinsa da ƙafa. Bayan dam, ana sakin ruwa duk shekara saboda famfo da noman rani, don haka hanyoyin ruwan ba sa bushewa. Wannan shi ne abin da ciyawar kacala ke so: ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya yankewa, ga kuma ragowar takin zamani da ke wankowa daga gonaki. A da rani ne ke kashe ta. Yanzu ta samu wuri ta cika Marma da Burum Gana da tsohuwar hanyar Haɗeja, tsawonta ya fi mutum, saiwarta tana kama laka, lakar tana ƙara cike hanya. Da can babbar cikowa kan zo da ƙarfi ta wanke hanyoyin, yanzu dam ya tare wannan ƙarfin. Sakamakon abin tausayi ne: wasu garuruwa ruwa ya zauna a gonakinsu dindindin ba ya ja, wasu kuma a kan reshen da ya toshe ruwan ya daina isa gare su gaba ɗaya. Kacalar ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa da gero, ga sauro, ga wahalar tuƙa kwalekwale.

To idan shekarar ruwa mai yawa ta zo, kamar 2020 da 2022, sai abubuwa uku su haɗu. Dam ya cika, kuma dam ɗin da ya cika ba shi da sauran amfani wajen tare ambaliya, abin da ya shigo shi zai tsallake mazuba ya wuce, ko an buɗe ƙofa ko ba a buɗe ba. Ƙoramun da ke shiga kogin a ƙasan dam, waɗanda babu mai iko da su, su ma sun kawo nasu. Hanyar da ya kamata ta kwashe duka ta wuce da shi kuwa ta cushe da yashi da kacala. Ruwa ba zai koma sama ba. Sai ya nemi tsohon makwancinsa, ya tarar da gidaje.

Shi ya sa cewa "an saki dam" rabin magana ce. A yawancin shekaru dam rage ambaliya yake yi. Tambayar da ta dace a yi wa masu kula da shi, wato Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ba ita ce me ya sa ruwa ya fito a Satumba ba. A tambaye su nawa aka bari a ciki a watan Mayu. Idan damina ta tarar da tafki kusan cike, an riga an yanke wa Ringim hukunci tun kafin hadari ya haɗu. Idan kuma aka rage shi sosai sannan damina ta yi gardama, manomin Kura da mai famfo a Kano ne za su koka. Wannan ciniki ne na gaske, ba shi da amsa mai sauƙi, kuma a ganina laifin da ke ciki shi ne ana yin sa a ofis ba tare da waɗanda abin zai shafa sun ji yadda aka auna ba. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar kula da ruwan koguna ta ƙasa ma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Ba a rasa bayani ba. Abin da aka rasa shi ne a ɗaura wannan bayanin da matakin ruwan da ke cikin tafki, a fili, kowa ya gani.

Akwai kuma lafiyar dam ɗin kansa, wadda ba a cika tunawa da ita ba sai an ji kuka. Dam ɗin Bagauda ya fashe a 1988. An rage tsawon mazubar Tiga a 1992 saboda tsaro, abin da ya rage yawan ruwan da yake riƙewa. Wanda bai ga waɗannan ba ya ga Maiduguri a Satumbar 2024, lokacin da dam ɗin Alau da ke kan kogin Ngadda ya ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye babban ɓangaren birnin, shekara talatin bayan irin haka ta faru a 1994. Dam ɗin da aka gina da ƙasa yana tsufa, yana bukatar dubawa da gyara, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ambaliyar cikin birni wani lissafi ne daban, ko da yake doka ɗaya ce ke aiki. Ga lissafin da kowane ɗan aji zai iya yi. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Fulotin ƙafa 50 da 100 ya kai kimanin murabba'in mita 465. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a Kano cikin Agusta, lita fiye da 23,000 ce ta sauka a wannan fuloti kaɗai, wato jarka mai lita 25 sama da 900. Lokacin da wurin yake gona, ƙasa da ciyawa za su shanye kaso mai yawa, sauran ya gangara a hankali. Yau an rufe rabinsa da kwano, an malale tsakar gida da siminti, an sa bututu ya fitar da komai waje. Kusan duka jarkokin nan titi za su fito, kuma a cikin mintuna. A ninka wannan da gidajen unguwa guda, a ga ko akwai lambatun da zai ɗauka, ko da babu leda ko ɗaya a cikinsa.

Tsohuwar Kano tana da nata maganin, kuma ba injiniya ne ya zana shi ba. Ginin ƙasa yana bukatar ƙasa, inda aka haƙa kuwa rami ya zauna, ramin ya zama kududdufi. Kusan kowace unguwa a cikin ganuwa tana da nata. Da an yi ruwa, lunguna su zuba a kududdufi, ya riƙe, wani ya nutse ya ciyar da rijiyoyin gidaje, abin da ya yi yawa ya malala zuwa rafin Jakara. Babu mai musun cewa kududdufan sun zama juji da matattarar sauro, kuma yara sun sha halaka a cikinsu. Amma maimakon a tsabtace su a kewaye, sai aka bi hanya mafi riba: a cike da shara da ɓaraguzai, a yanka, a sayar. Duk kududdufin da aka cike, ruwan da yake ɗauka bai ɓace ba, an tura shi ne gidan wanda ya fi kowa zama a gangare, wanda galibi shi ne mafi ƙarancin hali a unguwar. Kuma rijiyoyin da suka ƙafe a cikin birni suna da alaƙa da wannan, domin an toshe ƙofofin da ruwa ke bi ya shiga ƙasa, ana kuma zuƙe na ƙasan da burtsatse.

Jakara kanta, wadda ta ratsa tsakiyar birni ta wuce har dam ɗin Wasai a Minjibir, an ɗaure ta da kankare, wani sashe ma an rufe an shimfiɗa titi a kai. Hakan ya rage wari, ya buɗe hanya, amma rafin da aka miƙar aka sa wa siminti gudu yake ƙarawa, yana kai ruwa ga na gaba da sauri fiye da da. Rufaffen lambatu kuma idan ya cushe ba mai gani sai ranar da ya yi amai. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun ɗanɗana a damina ta 2022, da ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfofi da yadudduka na maƙudan kuɗi, kuma abin da aka fi nuna wa yatsa shi ne gine-ginen da aka dasa a kan hanyoyin ruwa. Sunan kasuwar ma ya isa gargaɗi ga mai yanka fili.

A gefen gari matsalar ta awon igiya ce. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya a yanka, a bar lungun da mota ɗaya za ta wuce da ƙyar, ba a bar wa ruwa ko taku ɗaya ba. Ana sayarwa da rani, lokacin da fadama da tudu duk kamarsu ɗaya. Mai saye ba mugu ba ne, mutum ne da haya ta ishe shi, ya samu inda kuɗinsa ya kai. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma akwai hukumar tsara birni da aikinta ke nan, don haka ba za a ce babu mai hurumin hanawa ba. Sai dai hukuma takan iso ne bayan an yi rufi an tare, da jan fenti da katafila. Rusau bayan mutum ya zuba abin da ya tara shekaru zalunci ne da za a iya kauce masa da abu mai araha: a auna hanyoyin ruwa da kwaruruwa tun suna gonaki, a kafa musu alama, a sanar da masu unguwanni da dillalai cewa nan ba a ba da takarda. Abin takaici, wani lokaci da takardar hukuma a hannu ake gina kan magudanar.

Idan aka koma Haɗeja, abin da aka fi dogara da shi shi ne jinga, wato tudun ƙasa da ake tarawa a gaɓar kogi don tare ruwa. Duk wanda ya ga yadda matasan garin ke kwana suna cika buhuna da yashi suna toshe inda ruwa ya ɓullo ba zai raina ta ba, ta ceci garin fiye da sau ɗaya. Amma jinga ba ta rage ruwa ko cokali, tura shi take yi. Abin da aka hana shiga Haɗeja zai hau gonakin ƙauyen da ke ɗaya gaɓar ko na ƙasa da ita. Tana kuma sa mutane su saki jiki su yi gini a bayanta, ta yadda ranar da ta karye ɓarnar za ta ninka. Jinga ta dace da gari mai cunkoso da asibiti da kasuwa. Ba za a iya yi wa kogi gaba ɗaya ba, kuma bai kamata a gwada ba. Yasar hanyoyin ruwa da yanke kacala, wanda gwamnatin Jigawa ta sayo injina dominsa kuma al'ummomi ke yi da lauje da aikin gayya, ya fi kusa da tushen ciwon. Sai dai kacala tana dawowa muddin ruwan da ke raya ta bai yanke ba. Maganinta mai ɗorewa yana can sama, a yadda ake sakin ruwa: a bar wasu rassan su bushe na ɗan lokaci da rani, a kuma saki cikowa mai ƙarfi da gangan a lokacin da manoman fadama ke bukatarta, da sanarwa tun da wuri.

Wannan ba zai yiwu ba sai jihohin da ke kan kogin sun zauna a tabarma ɗaya, domin mai riƙe da dam yana Kano, mai shan ambaliya yana Jigawa, mai jiran ragowa yana Yobe da Borno da Diffa. An taɓa yunƙurin haka a 2006, da gwamnonin jihohi shida na kwarin suka amince da kafa asusu na haɗin gwiwa don kula da shi. Tunanin daidai ne, ko da yake abin da ake gani a bakin kogi bai kai girman alkawarin ba. Binciken da aka yi a fadamar a shekarun 1990 ya nuna cewa idan aka haɗa shinkafa da kifi da itace da ake samu, kowace ɗigar ruwa da aka bari ta bazu a fadama ta fi kawo amfani a kan wadda aka karkatar zuwa manyan gonakin ban ruwa na sama. Ba a cika jin wannan ba saboda amfanin fadama a warwatse yake a hannun dubban ƙananan manoma da masunta da makiyaya, ba shi da ginin da za a yanke wa ƙyalle.

Maganar tana da nauyi yanzu saboda kogin Jama'are. Shi ne babban reshen da har yau ba a datse ba, kuma mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa ya wuce zuwa kogin Yobe nasa ne, tunda na Haɗeja kusan duka a hanya yake ƙarewa. Shirin dam ɗin Kafin Zaki a jihar Bauchi ya shekara da shekaru ana tayar da shi ana ajiyewa, mutanen Bauchi suna ganin haƙƙinsu ne su samu irin abin da Kano ta samu, na Yobe da Borno suna tsoron abin da zai biyo baya. Duka ɓangarorin suna da hujja. Amma duk wanda zai sa hannu a wannan takarda ya kamata a fara kai shi Marma a cikin kwalekwale, ya ga kacala, ya zauna da manoman Guri da Kirikasamma su faɗa masa gonaki nawa suke nomawa kafin 1974 da kuma nawa suka rage musu yau.